Kai Wane Ne a Wurinta?

Zuwa ga Tak Yongdal, mai ƙanƙarar bakin kasuwa,

Ya sanyin idona, ya zafin ƙirjina! Ya ruwan da nake sha, ya ƙugiyar da ta huda mini baki! Kai ne iskar teku da ke shigowa rumfata da sassafe, kai ne kuma gishirin da ke shiga tsagar hannuna har in cije leɓe. Masoyina, azzalumina, jarumin da ke saɓa dutsen ƙanƙara a kafaɗa amma inuwar yayarsa ta kayar da shi, ina gaishe ka gaisuwar da rabinta sumba ce, rabinta mari. Nemi wuri ka zauna. In ka ninke takardar nan kafin ka kai ƙarshenta, na rantse da kabarin uwata, da wuƙar aikina zan tarye ka.

Kwana biyar ke nan rumfata a rufe, kwana biyar wayata a kashe. Kwantar da hankalinka, ban mutu ba. Ina wani ɗan masauki a can arewa, tsakiyar gonakin shinkafa, idon sawuna na hagu ya kumbura suntum. Abin da ake faɗa a kasuwar Busan kuwa gaskiya ne: ni Malsuk mai yankan kifi, mai shekara hamsin da huɗu, na faɗo daga jirgin sama da gangan. Kai ka tura ni, ko da yake hannunka bai taɓa bayana ba.

Ka tuna ranar da wuƙa ta zame ta tsaga mini tafin hannu? Shekara tara ke nan. Jini yana tsartuwa a kan katako, matan layinmu suna ihu ba mai matsowa, sai kai ka yar da amalankenka, ka sa guduma ka farfasa ƙanƙara, ka danna hannuna a ciki da ƙarfin tsiya har ta rine ja wur. Kana danna kana masifa: "Ke mahaukaciya ce? Wa ke riƙe da wuƙa idonsa na wani wuri?" A kanka idon yake, sakarai! Tun daga ranar ban sake mallakar kaina ba. Na yanka kifin da ba ya ƙirguwa, na sare kai, na farke ciki, na zare ƙaya, ko gezau ban taɓa yi ba. Amma in ji ƙarar amalankenka daga nesa, sai in ajiye wuƙa in leƙa kamar yarinya.

Me na samu? A kasuwa ni ce "Mai kifi", kai ne "Mai ƙanƙara", gaisuwa daga nesa kamar waɗanda suka haɗu jiya. Kai ne babban ɗa namiji na gidanku, a kanka nauyin magabata yake, kuma yayarka, Yaya Chunja, ta ce bazawara mai ƙarnin kifi ba za ta durƙusa gaban teburin da ake jera wa iyayenta da suka rasu abinci ba. Ka ce in jira a gama makokin mahaifiyarku. An gama, an share shekara shida a kai. Duk ranar tunawa da mahaifinka, wa ke tsayuwa gaban kasko tana soya wainar kifi da ta kabewa har mai ya ƙona mata hannu? Ni. Wa ke zaɓo kifin da ya fi kowane kyau, ta jera, ta kawo ta ƙofar baya, ta juya kafin dangi su iso? Ni. Matattun gidanku sun shekara tara suna cin girkina, ba su taɓa cewa yana ƙarni ba. Na haɗiye duk wannan saboda kai, kuma da zan ci gaba da haɗiyewa har in mutu, ba don asibiti ba.

Kai ka goya ni zuwa can ranar da ciwon ciki ya nannaɗe ni a ƙasan rumfa, ban manta ba. Likita ya ce tsakuwa ce a matsarmama, aiki ne ƙarami, huda uku a ciki shi ke nan. Sai ma'aikaciyar jinya ta zo da takarda, ta ce ba a shiga da mutum sai waliyyinsa ya sa hannu. Ta dube ka, ta miƙa maka biro, ta ce, "Baba, kai wane ne a wurinta?" Ina kwance ina gumi, ina kallon bakinka. Ka yi wuƙi-wuƙi da ido, ka waiga kamar Yaya Chunja tana laɓe bayan labule, ka ce, "Maƙwabcinta ne a kasuwa." Yarinyar ta janye bironta a hankali. Ta ce, "To, maƙwabci ba ya sa hannu, a kira dangi."

Yongdal! Wuƙar likita ba ta kai rabin wannan ba, don shi sai da ya sa ni barci kafin ya yanka. Awa huɗu na yi ina murƙususu ina jiran ƙanena, wanda ya daina yi mini magana tun da ya ji labarinmu. Ya zo, ya sa hannu ko kallona bai yi ba, ya nuna ka da haɓa ya ce, "Wannan fa?" Ka san wa ya ba shi amsa? Ni da bakina na ce, "Maƙwabci ne." Na rufa maka asiri ina kan gadon fiɗa. Da ina da ƙarfi a lokacin, da na kama ƙarfen da aka rataya ruwan nan na raba maka kai biyu, sannan in zauna in ɗinke shi da hannuna ina kuka.

A ɗakinmu mu shida ne, kowace da ɗan gadon mai jinyarta a ƙasan nata. Wannan miji, wannan 'ya, wannan suruka mai kumbure-kumbure. Nawa gadon a naɗe ya zauna har aka sallame ni, don ka ce kada a gan ka. An hana ni abinci sai cikina ya saki iska, ranar da ta fita kuwa duk ɗakin aka kaure da tafi. Tsohuwar da ke gefena har da buga gado: "Barka, 'yar nan! To ina maigidan ya kawo kunun shinkafa? Ko shi ma iska ce, ya fita?" Aka kwashe da dariya, na taya su har ɗinkina ya yi zafi. Da na juya fuskata bango kuwa, matashin kaina ya jiƙe.

Ita tsohuwar ce ta nuna mini hoton jikarta a waya, tana faɗowa daga jirgi da laimar sauka a baya, baki buɗe. Ta ce, "Yaran yanzu ba su da hankali. Wai har takarda ake cikewa, in ka mutu ga wanda za a kira." Ita tana tsaki, ni kuwa maganar ta shige ni ta ƙi fita. Takardar da ni zan cike da hannuna, ba ina kwance wani yana amsa mini ba!

Mako shida na yi a gida ina tafiya a duƙe. Kullum da safe sai in tarar da kwanon miyar ganyen teku rataye a hannun ƙofata, da zafinta, ba ƙwanƙwasawa, ba sallama. Ka iya miya, ba zan yi maka ƙarya ba. Na farko na jefa shi bango, na biyu ma haka, na uku na shanye ina zaginka. Wane irin mutum ne zai tashi tun duhu ya dafa wa mace abin da zai mayar mata da jini, amma ya kasa buɗe baki ya ce tasa ce? Ranar da likita ya ce na warke, in yi duk abin da na ga dama, ban tsaya yi masa bayanin abin da na ga damar ba. Na duba kalanda na zaɓi ranar tunawa da mahaifinka. A bana ban ɗora kasko ba. Na ɗumama miyarka ta ƙarshe, miyar nan mai santsi da ko ɗalibi ba a ba shi ranar jarrabawa don kada ya zame, na shanye tas, na hau mota.

A ofishin filin jirgin aka ba ni takardar. A layin wanda za a kira na rubuta sunanka da lambarka. Layin da ke ƙasa, na dangantaka, na bar shi fari fat. Matar da ke karɓa ta ce, "Goggo, nan ba a barinsa haka." Na ce, "Ni ma ban san amsar ba, kira shi ki tambaya." Ta ɗauka wasa nake, da ta ga idona sai ta danna lambar ta buɗe murya kowa yana ji. Na ji ƙarar mai a kasko, na ji muryar Yaya Chunja tana cewa, "Wa ke kira ana aiki?" Da aka gaya maka abin da zan yi, ka kurma ihun da ban taɓa jin irinsa daga bakinka ba: "Ku riƙe ta! Ku ɗaure ta! Ku kulle ta a ɗaki, akwai ɗinki a cikinta! Malsuk, in kika hau jirgin nan sai na karya ki!" Sunana, a gaban yayarka! Matar ta ce, "To Baba, mun ji, amma kai wane ne a wurinta?" Na ji numfashinka, na ji an sauke cokali. Ka ja iska za ka yi magana, sai layin ya mutu. Na rubuta sunan ƙanena a ƙasa, aka buga hatimi.

Wani tsohon soja mai suna Dokgo aka haɗa ni da shi. Ya ɗaure ni da igiyoyi tamau a ƙirjinsa, ɗaya ta bi daidai kan tabon aikin. Ya ce, "Goggo, in na ce ɗaga ƙafa, ki ɗaga. In za ki yi amai kuma, hagu, don ni ina dama." Jirgin ɗan tsurut ne, yana karkarwa kamar tsohuwar motar kaya. Da aka buɗe ƙofa iska ta shigo ta wanka mini mari. Na leƙa, ba ƙasa, ba komai, sai fari. Na ce, "Malam, na fasa!" Ya ce, "Ban ji ba!" Ya tura mu.

Wayyo, abin ƙaunata, yaya zan kwatanta maka? Ba tashi ba ne, kada kowa ya ruɗe ka, duka ne. Sama ta kama ni ta wujijjiga, ta naushe ni a ƙirji, ta cusa hannu a bakina ta yage kumatuna baya, ta ƙwace numfashina ta jefar. Hawaye suna gudu sama maimakon ƙasa. Kunnuwana kamar ana soka musu tsinke, hudar nan uku ta cikina kowace tana ihu da muryarta. Ni ma na yi ihu. Na zage ka, na zagi yayarka, na zagi teburin magabatanku da duk abin da na taɓa soyawa a kansa. Na ƙare zagin kaf, sai na ji bakina yana ta kiran sunanka shi kaɗai, Yongdal, Yongdal, kamar ba wata kalma da ta rage a duniya. Sai laimar saukar da ke bayan Dokgo ta buɗe, ta fizge ni sama da ƙarfin da na ɗauka an tsinka ni gida biyu. Daga nan tsit. Gonaki kore shar a ƙasa, kogi yana ƙyalli, ni a rataye tsakanin sama da ƙasa ina shessheƙa. Dokgo ya ce, "Wannan Yongdal ɗin ya shiga uku." Da muka zo sauka ya ce ɗaga ƙafa, ban ɗaga ba, shi ne na gurɗe.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro, kuma ya fi faɗowar wuya. Layin nan ba mutuwa ya yi ba. Ni ce na fizge wayar daga hannun matar na kashe. Na ji ka ja numfashi, na san kalma tana zuwa, sai na ga in "maƙwabci" ta sake fitowa ba zan buƙaci laima ba. Ni da nake kiranka matsoraci, ni da na iya faɗowa daga saman gajimare, na kasa tsayawa in ji kalma ɗaya daga bakinka. Kwana biyar nake kwance ina juya wannan numfashin a kaina. Me ke bayansa? Me ka kusa faɗa, ya hasken rayuwata, ya makashina?

Ranar Litinin zan buɗe rumfa, da ɗingishina. Kada ka zo da sassafe lokacin da ba kowa. Ka zo da tsakar rana, kasuwa ta cika maƙil, matan layinmu duk suna nan, ka tsaya gaban katakona ka ƙarasa abin da na katse. Wannan karon zan tsaya ƙyam, ba zan toshe kunne ba. In ka ce matarka ce, zan tafi da kai gaban Yaya Chunja a ranar, da rigar aikina da ƙarnina, in durƙusa gaban hoton iyayenka ko sama za ta tsage. In kuma ɗayar ka faɗa, zan ce na gode, in sayi ƙanƙara a wajen wani, kuma ba za ka sake jin tafiyata a ƙofar bayanku ba.

Amma kada ka ɗauka hakan zai cire ka daga raina. Na gwada, daga can sama na jefar da kai da duk ƙarfina, na sauko na tarar kana nan. Ko ka kira ni, ko ka ƙi, ba wani namiji da zai sake riƙe hannun nan mai tabo har ranar da za a rufe ni da ƙasa.

Taka da ka sani, taka da ka musa,
taka har numfashin ƙarshe,

Pyo Malsuk