Yumɓun Gwaggona, Sunan Abokina

Assalamu alaikum, mai kula da shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku kai ƙarshe. Ni ma na san abin da na yi ba na kirki ba ne.

Ni ɗalibin mastar ne, wato digiri na biyu, a fannin kimiyyar fizik, ɗan wani ƙauye kusa da Sukukutane. Gwaggona maginiyar tukwane ce. Ita ta nuna mini cewa in aka cuɗa yumɓu da ƙaiƙayin gero aka gasa, ƙaiƙayin zai ƙone ya bar ƙofofin da ido ba ya gani, ruwa ya tsattsafo ta ciki, dauɗa ta tsaya. Shekara biyu ina kan wannan aiki a labo, ɗakin gwaje-gwajenmu, ina niƙa gutsuren tukunya ina sawa a na'urar da ke haska abu ta zana layukan abin da ke cikinsa, har na samu haɗin da ke tace ruwan rijiya fes. Abokina ɗan Dogon Dutsi, wanda muke cin tuwo kwano ɗaya, ya ari littafina ya ce zai duba wani lissafi. Bayan wata huɗu sai ga aikina ya fito a mujalla da sunansa da na malaminmu. Ni ko a godiya babu ni, balle Gwaggo! Da na tare shi, ya yi dariya ya ce, "Haba ɗan'uwa, ilimi ai na kowa na. Kai ba ka iya rubuta faransanci ba, ni na taimake ka."

Abu ɗaya ne ban rubuta a littafin ba, wato ramin da ake haƙo yumɓun. Ramuka biyu ne a bayan ƙauyenmu. Gwaggo takan lasa ta ce, "Wanga shi ka kama halshe, shi ka aiki. Wancan na gabas maƙaryaci na, yana tsagewa ciki ba ka sani ba." Da yumɓun da abokin nawa ke aiki da shi ya ƙare, ba kunya ya roƙe ni in kawo masa. Na ce to. Na cika masa buhu da na gabas, na ɗauko a kaina har tasha ina murna. Na san layukan da na'ura za ta zana ba za su yi daidai da na farko ba. Na zaci zai zo ya durƙusa ya tambaye ni. Ina! Sai ya kwafe tsofaffin zanena ya liƙa, ya yi shiru abinsa.

Nufina in bari sai ranar da zai kare aikinsa gaban malamai, wata biyu nan gaba, in miƙe a bainar jama'a in ce a sake awon. In ga idonsa ya raina fata, uban nasa mai babbar riga yana zaune. Shin ban cancanci wannan ba? Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Amma ga inda ta kwaɓe. Wata ƙungiya ta karɓi aikin, an bi sawun buhun nan har ramin da na ɗebo shi, an gasa tukwane da yumɓun gabas, mako mai zuwa za a raba su a ƙauyuka, har da namu. Na gwada ɗaya a ɓoye: ruwan na fitowa garau, ƙwayoyin cuta na nan cikinsa. In na yi magana yanzu, shi da malam za su gyara a asirce, sunansa ya tsira, ni a ce na yi zagon ƙasa. In na yi shiru, mata za su daina tafasa ruwa.

Jiya Gwaggo ta kira ni tana ta murna: "An rubuta sunana cikin masu samun tukunyar bokonku. Jikokina sun huta da zawo."

Na yi mata sallama na kashe waya. Kuma ba zan yi muku ƙarya ba, har yanzu ina son in ga ya wulaƙanta. Jama'a, kwana shida suka rage. Me zan yi?