Itacen Wankan Jegon Hajara

Zuwa ga Yaya Asabe,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Alhaji da yara. Yaya zaman Ikko?

Yaya, cikin mai ɗakina Hajara ya sake zubewa, karo na huɗu. Inna ta ce daka ne ya jawo, alhali tun damina ba ta taɓa taɓarya ba. Likita a Kano ya ce jininta ne ke saurin daskarewa, ya toshe wa ɗan hanyar abinci.

Itacen wankan jegon da na tara mata, jiya na tarar tana hura wutar tuwo da shi. Ta ce, "Maigida, kada gara ta cinye." Na kasa cin tuwon.

Ki sa ta a addu'a. A gaida Alhaji.

Ƙaninki Sule,
Gumel