Gonar da Baba Ya Keɓe wa Wuta

Salama a gare ku jama'ar wannan zaure. Admin a sakaya sunana, mutanen ƙauyenmu suna nan ciki kuma bakinsu ba ya ajiya. Don Allah ku ba ni shawara, tsoho ne ni, amma abin nan ya fi ƙarfin furfurata.

Ni ɗan wani ƙauye ne a bayan Godogodo. A tsakiyar shekarun alif ɗari tara da saba'in na gama makarantar koyon sana'a, aka ɗauke ni aiki a wata tashar lantarki can kudu, irin wadda ake ƙona iskar gas ta juya inji. Ranar tafiyata Baba ya rako ni har tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, duk wanda ya gaishe shi sai ya ce masa ɗansa zai je yin wuta. Da na zo hutun Kirsimeti na zauna na yi masa bayani dalla-dalla, cewa wutar da muke yi manyan wayoyi take hawa ta haɗu da ta sauran tashoshi, wasu manya ne can suke raba ta, a ba wannan gari a hana wancan, ni iyakacina duba mai da zafin inji. Baba ya saurara har na gama, sannan ya nuna mini fitilar gas ta majami'armu, ya ce wanda ya buga mata iska ai shi yake rataya ta inda ya ga dama. Na yi dariya na bar maganar.

Ashe shi bai bar ta ba. Kafin in sake zuwa hutu ya tara dattawa ya yanka akuya, ya keɓe gonarmu ta bakin gida, wadda ta fi kowacce yin citta, wai a nan za a dasa taransifoma. Aka kewaye ta da shingen kerana. A wajenmu maganar da aka ci nama a kanta ba mutum ɗaya ke kwance ta ba, sai dattawa sun yarda. Na yi faɗa har muryata ta dishe, ya ce boko ya koya mini rowa, ina da wuta a hannu ina hana mutanena. Mama ta yi kukan cittarta ta gaji. Bai ga ƙarshen shekarun saba'in ɗin ba, yana kwance ya riƙe hannuna ya ce, "Kada fartanya ya taɓa wurin nan sai wuta ta zo." Na ce to Baba, me zan ce wa mai mutuwa?

Gonar nan ta zama kurmi, macizai kawai ke cin moriyarta. Na yi ritaya na dawo gida, har yau Mai Wuta ake kirana, kuma na san ba yabo ba ne. Daga baya an jawo mana waya, amma ta wajen kasuwa aka biyo, a can aka dasa taransifomar. Na ce to alkawari ya cika, a sare shingen. Dattawan yanzu, 'ya'yan waɗanda suka ci akuyar, suka ce waya ce ta zo, wuta ba ta zo ba. Abin haushin ma ban iya ƙaryata su ba, don takan leƙo ne ta koma kafin ruwan shayi ya tafasa. Na san dalili, injinan can ba sa samun isasshen gas, na yi musu bayani suka kalle ni yadda Baba ya kalle ni.

Da ni kaɗai ne da na haƙura in mutu da abina. Amma bara aka kashe ɗan ƙanena a gonarsa ta cikin daji, ya bar matarsa Saratu da yara ƙanana, kuma duk gonakin gidanmu babu inda mace za ta yi noma hankali kwance sai wannan ta bakin gida. Ta roƙe ni, na je wurin dattawa, suka ce ranar da fartanya ta shiga sun cire hannu daga gidanmu, ba aure ba biso, ko gawata ba za su ɗauka ba. Na je wurin pasto, ya ce alkawarin uba abu ne mai nauyi, hakkin gwauruwa ma haka, ya yi mini addu'a ya sallame ni. Wallahi ji nake kamar an ɗaure ni a turke, na rasa gaba na rasa baya.

Yanzu ruwa ya sauka, kowa ya fara shuka. Ɗazu na tarar da Saratu tana wasa fartanya a tsakar gida, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Baba, in ba nan ba, gobe zan koma daji. Yara ba za su ci alkawari ba."

Jama'a ku faɗa mini gaskiya, in sare mata shingen in ɗauki fushin gari da maganar mahaifina a wuyana, ko in zuba ido ta bi hanyar da mijinta ya bi bai dawo ba?