Katin Abundio Bai Ƙare Ba

San Lucas, Nuwamba 1997

Zuwa ga surukata Herminia, a Los Angeles.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mijinki Abundio da jikata Donají. Mu nan lafiya, sai gwiwa da ta fara yi mini gardama a hawan dutse. Na ba Don Fidencio mai kai saƙo tlayuda, wainar masarar nan tamu, da busasshen barkono ya kawo miki. In kin ga sun ragu, kin san cikin da suka shiga.

Ke na rubuto wa, ba Abundio ba, don ni na haife shi: wasiƙa a hannunsa sai ta kwana a aljihu ta bi wando wanki. Wayar kantin Doña Chole kuwa, kafin mutum ya ajiye ta maganarsa ta riga shi isa gida.

Taron gari ya zauna ran Lahadi, an ɗora wa Abundio shugabancin aikin ruwa. Shekara biyu ne ba albashi, yadda na yi nawa, ubana ya yi nasa. Kin san dokarmu. Wanda aka kira sau biyu bai zo ba, a karɓe gonarsa ta kofi, ranar da ya mutu kuma 'yan badujala ba za su raka shi makabarta ba. Wannan shi ne kira na biyu.

Na san za ki ce takardunsa fa. An tattauna. Malamin makaranta ya ce katin zamansa a Amurka na dindindin ne, kuma a jikinsa an rubuta sai 2003. Aminina Nabor, wanda ya tsinki tumatir a can har bayansa ya lanƙwashe, ya ƙara da cewa mai 'ya haifaffiyar ƙasar ba a rufe masa ƙofa. Gari duka ya gyaɗa kai. Ai ba a taruwa a zama wawaye rana ɗaya.

Ki sake shi ya zo, 'yata. Allah ya yi miki albarka.

Surukinki, Crisóforo Bautista

*

Los Angeles, Disamba 1997

Baba, ina gaisuwa. Tlayuda sun iso, rabi.

Ɗanka tun da na karanta masa wasiƙar ba ya da zance sai gona. Zai taho bayan Kirsimeti. Ban hana ba. Amma ka tuna ni ba ni da takarda. Shi ya nema mini, shekara huɗu ke nan ina layi, kuma in na fita ƙasar nan ba na dawowa. Na ce ya ga lauya kafin ya tashi, ya ce kuɗin lauya gara a sayi bututu da shi, wai lauya ya fi Nabor sanin Amurka ne?

Aro na ba ku, Baba. Ku dawo mini da shi.

Herminia

*

San Lucas, Fabrairu 2000

'Yata Herminia, gaisuwa da fatan alheri.

Ruwa ya iso. Ranar da aka buɗe famfon bakin coci, tsohuwa Eduviges ta tsaya da tulunta tana zagin famfon, wai ina yake tun tana budurwa da wuyanta bai karkace ba. Mijinki ya rame, ya yi baƙi, amma yau ko fadan coci bai kai shi farin jini ba. Shi ya ɗauko bututun farko a kafaɗa tun daga idon ruwa, sauran maza suka ji kunya suka bi.

Katin nan kuwa kada ki damu. Na naɗe shi a leda na sa ƙarƙashin gunkin waliyyinmu San Lucas tun ranar da ya zo, ko laima bai taɓa shi ba. Jiya na ciro shi fes kamar sabo. Badujala ta raka shi har bakin mota, yana raye yana ji da kunnensa, abin da ba kowa ke samu ba.

Ga aronki na mayar. Ki ciyar da shi.

Crisóforo

*

Los Angeles, Maris 2000

Baba, bai iso ba. Yana Tijuana, bai tsallako iyaka ba.

A bakin iyaka suka tambaye shi tun yaushe ya fita. Ya ce shekara biyu, har da ciro musu hoton tankin ruwa. Suka shigar da shi ɗaki, suka ce in ya sa hannu a wata takarda abin zai zo da sauƙi. Ya sa. Ashe sallama katin ya yi.

Yanzu na ga lauyar da ya ƙi gani. Ta ce kwanan watan jikin kati na kati ne, ba na mutum ba. Wanda ya wuce shekara a waje ba tare da izinin dawowa ba, sukan ɗauka ya bar ƙasar da kansa. Da ya nemi izinin nan kafin ya tafi, da wuya a hana shi. Da ma ya ƙi sa hannu, da an kai shi gaban alƙali, ya faɗi uzurinsa. Tawa takardar ta mutu tare da tasa.

Na tambaye ta batun Donají. Ta ce yarinya ba ta iya nema wa ubanta komai sai ta cika ashirin da ɗaya. Shekararta goma sha uku, Baba. Ka ba malamin makaranta ya yi muku lissafi.

Herminia

*

San Lucas, Afrilu 2000

'Yata, ban san da wace gaisuwa zan fara ba, ki karɓi wadda ta samu.

Ya dawo ran Alhamis. Tun kafin a iso gari ya sauka daga mota, ya biyo ta gona don kada a gan shi. Na ba shi kofi, ya riƙe har ya huce.

Na je wurin Nabor da sandata, da niyyar da ba ta dace da shekaruna ba. Na same shi yana kuka. Ya ce shi ma haka aka gaya masa a gonar tumatir, wanda ya gaya masa kuma haka aka gaya masa. Na nemi wanda zan doka na rasa, don in aka bi layin nan a kaina zai tsaya. Mun san dokarmu har wadda ba a rubuta ba, sai muka zaci ta kowa ma haka take, ana gane ta da gyaɗa kai a dandali. Na tsare kati daga laima shekara biyu, ashe ba ledar yake bukata ba.

Taron gari ya yi juyayi ƙwarai. Da aka gama juyayin, aka ce tunda yana gida, a ba shi aikin hanya.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, ya fara zancen bin hamada da masu tsallakar da mutane. Ni bakina ya mutu, ba ni da fuskar ba kowa shawara. Ke zai ji. Abin da kika ce shi za a yi.

Surukinki da ya ci aro, Crisóforo

*

Los Angeles, Mayu 2000

Baba, ka ce masa kada ya bi hamada. Lauya ta ce zai iya ɓata wa Donají abin da za ta nema masa, ni kuma gara miji a nesa da miji a ƙarƙashin yashi. Zan jira.

Donají za ta zo hutun Yuli tare da Don Fidencio. Ita kaɗai a cikinmu ƙofar ke buɗe wa gaba da baya. Kada badujala ta tare ta. Ubanta ya kai ta famfon da kansa, ya ba ta ruwan ta sha, in ta dawo ta faɗa mini ko ya kai abin da muka biya.

Ka shafa wa gwiwarka man da na aiko.

Herminia