Jadawalin Babi na Bakwai

Baba,

Na tafi aiki, ban so in tashe ka ba. Jadawalin littafinka ya zauna a shafi guda yanzu. Sau huɗu ina sake shi. In na jera alamomin lissafin, ƙananan lambobin sama su taɓo layi. In na buɗa gidajen, layin ƙarshe ya tsallaka wani shafi. Idanuna har yaji suke yi.

A layi na biyar ka sa alamar tarawa, ni kuwa ɗebewa nake samu. Ban taɓa ba. Mai ɗab'i zai zo ƙarfe biyu, don Allah ka duba kafin nan. Jan bironka na kan takardar.

In ni na kuskure, ka yi haƙuri. In kai ne, ba mai ji daga bakina.

Autarka