Na Buga Hatimina Kai a Ƙasa, Sun Dawo Min da Takardar

Malama mai wannan fili,

Ki taimake ni da shawara, don na kai inda kaina ya daina ja. Shekarata hamsin da ɗaya, akanta ne ni, kuma ban taɓa rubuta wa jarida wasiƙa ba. Lambobi na iya jerawa, ba zance ba. In kin ga ina kewaye-kewaye, ki yi haƙuri.

Ni mutumin Nobeoka ne, can kudu. Kamfaninmu na sarrafa kifi ne, hedikwatarsa tana garinmu. Shekara takwas da suka wuce aka kira ni ofishin manya aka ce in tafi reshenmu na Kushiro, can arewa, in daidaita musu littattafan lissafi, wai shekara uku kacal. Na sunkuya na yi godiya. Matata Fumie ta zauna a gida saboda makarantar 'yarmu Chiharu da kuma mahaifiyata da ƙafa ta fara gagara. Uku ta zama biyar, biyar ta zama takwas. Duk farkon Maris in aka fitar da sunayen waɗanda za a canza wa wurin aiki, sai in karanta takardar daga sama zuwa ƙasa, in sake daga ƙasa zuwa sama, kamar sunana zai tsiro a tsakani.

Ɗakina ɗan ƙarami ne, faɗin tabarma shida, tagarsa tana kallon tashar jiragen kamun kifi, in hazon teku ya bari a gani. Sau biyu nake zuwa gida a shekara, sabuwar shekara da lokacin ziyarar kaburbura. Chiharu tana da shekara goma na baro ta, yanzu sha takwas. Zuwana na ƙarshe, ina cire takalmi a bakin ƙofa sai ta durƙusa ta ajiye min silifas ɗin da aka tanada wa baƙi, masu ruwan toka, waɗanda muke ba mai gyaran wuta. Ba da mugunta ta yi ba. Nawa sun tsufa an zubar tuntuni, ba wanda ya tuna a sayi wasu. Na saka, na ce mata na gode, kamar baƙon.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Kifi ne.

Shekara uku da suka wuce kifi ya yi tsada, manajan reshenmu, Oikawa, ya ji tsoron kada injinanmu su tsaya, ya sayi tan ɗari biyu ya zuba a ɗakin sanyi. Sai farashi ya faɗi. Kifin yana nan har yau. Na sa rigar sanyi na shiga da kaina na buɗe kwalaye: sanyi ya ƙone shi, ya yi fari fat, ya bushe kamar katako. A littafi yana nan a yen miliyan ɗari da tamanin. In an saye shi a kashi ɗaya cikin uku na wannan kuɗin, a yi murna. Aikina shi ne in rubuta abin da ya rage na darajarsa, asarar ta fito lokacin rufe littafin ƙarshen Maris. Na san haka, Oikawa ma ya sani.

Kada ki ɗauka mugun mutum ne. Shekara biyu da suka wuce, a makon rufe littafi, gyambon cikina ya fashe na faɗi a kan tebur. Shi ya goya ni zuwa motarsa, dattijo mai shekara sittin da ɗoriya, ya tuƙa cikin dusar ƙanƙara yana min faɗa har asibiti, wai "Ɗan Kudu, in ka mutu a motata wa zai rufe min littafi?" Matarsa ta yi mako biyu tana kawo min kunun shinkafa. Ko kwabo bai taɓa ɗauka a kamfani ba, ni shaida ne, don ni nake duba rasit ɗinsa. Abin da yake tsoro shi ne in asarar ta fito bana, hedikwata za ta rufe masana'antar, mutum arba'in da uku su rasa abin yi, yawancinsu mata ne da suka haura hamsin, a garin da ba aiki. Ya ce min, "Ka ba ni kaka ɗaya tak. Farashi zai tashi. Kifi ba ya gudu, yana kwance abinsa." A ranar kuma, bayan mun sha shayi, ya jawo aljihun tebur ya nuna min takardar da ya rubuta wa hedikwata cewa a mayar da ni gida bana. Bai ce wannan da wancan a haɗe suke ba. Ni ma ba zan ce ya faɗa ba. Amma rana ɗaya ya nuna min su.

To ga abin da na yi, kada ki yi dariya. Takardar ƙidayar kaya ta zo gabana, kifin yana ciki a tsohon farashinsa, da jerin gidajen hatimi a samanta kamar kullum. Shekara ashirin da takwas ina buga nawa a ɗan karkace, yana rusuna wa na shugaba, yadda aka koya mana. Wannan karon na juya shi, na buga shi kai a ƙasa. Tsofaffin da suka koya min aiki haka suke yi in an sa su amince da abin da ransu bai yarda da shi ba: takarda ta wuce, amma mai ido ya san akwai magana. Oikawa ya gani, ya buga nasa a miƙe. Na fita waje na tsaya cikin sanyi ina jin kamar na yi jarumta.

Ranar Litinin takardar ta dawo daga hedikwata. Wata ma'aikaciyar sashen lissafi, Nagatomo, wadda ina jin ba ta kai talatin ba, ta manna 'yar takarda a kai: "Sannu da aiki. Hatiminka ya juye, a daure a sake bugawa daidai. In akwai ƙarin bayani, ga gurbi a ƙasa. A kula da lafiya, an ce sanyi ya tsananta a can." Kin ji. Iya ƙarfin halin da na tara a shekara ashirin da takwas, yarinya ta ɗauka ido ne ya fara ba ni matsala. Yaran yanzu ba su san komai ba sai kwamfuta.

Juma'a mai zuwa takardar za ta koma. In na buga a miƙe, na zama maƙaryaci da hatimin da mahaifina ya sa aka sassaƙa min ranar da na fara aiki, amma zan koma gida. In na ƙi, na saka wa Oikawa alheri da tsiya, na jefa mutum arba'in da uku a titi, ni kuma a manta da ni a nan har ritaya. Gaba kura, baya sayaki. Akwai hanya ta uku: abokina Hidaka yana da ɗan ofis a garinmu, yana yi wa manoma da masu shaguna lissafin haraji, ya daɗe yana cewa in zo. Rabin albashina zai iya biya. Chiharu za ta shiga jami'a a Afrilu, bashin gida saura shekara goma sha biyu. Ban faɗa wa Fumie ko ɗaya daga cikin wannan ba. In mun yi waya, yanayin gari muke tattaunawa da maganin mahaifiyata.

Cikin ya dawo da ciwo. Abinci ba ya wucewa. Wani lokaci ina jin haushin kowa, kamfanin da ya manta da ni, gidan da ya saba da rashina, har kifin. Sai kuma in tuna ba wanda ya ɗaure ni, ni na riƙa sunkuyawa ina godiya. Me zan yi da takardar nan?

Mai jar tawadar hatimi a yatsa, daga Kushiro

*

Zuwa ga Mai jar tawada,

Ban yi dariya ba. Amma zan fara da abin da ba za ka so ji ba: hatimi ko ya yi adungure, hatimi ne. Ranar da masu binciken kuɗi suka buɗe kwalayen nan, ba wanda zai tambayi ina kansa ya kalla. Sunanka za su karanta. Abin da ka yi ya sanyaya maka rai, amma bai kare ka ba, bai kare Oikawa ba, bai kare matan nan ba.

Sannan ka sake karanta 'yar takardar Nagatomo, musamman jimla ta uku, wadda ka kwafo min ka wuce. Wataƙila ba ta san al'adar tsofaffinku ba, kamar yadda ka ce. Wataƙila kuma ta sani sarai, ko ta kai wa wani babba da ya sani. Kifin da ya shekara uku a littafi farashinsa bai motsa ba, ba sai an juya hatimi akanta zai lura da shi ba. Kifi na ganinka, mai jar koma. Ko ta sani ko ba ta sani ba, ta nuna maka gurbi ta ce ka yi magana. Kai ka kira ta jahila ka rufe ido.

Na yarda Oikawa mutumin kirki ne, kuma tsoronsa ba na banza ba ne. Zai yiwu a rufe masana'antar, ba zan yi maka alkawarin ba za a rufe ba. Amma ka fi ni sanin cewa kifin ba zai warke ba, baɗi ya fi bana lalacewa, ga kuɗin wutar da yake ci. Asarar da reshe ya kawo da kansa, haɗe da shawarar yadda za a rage ta, hukuncinta daban da wadda aka tono. Ta farko kuskuren ciniki ce. Ta biyu tana iya cin kuɗin sallamar dattijon da mutuncinsa. Kuma in ka koma gida da hatimi a miƙe a kan ƙarya, ina za a zaunar da kai? Sashen lissafi na hedikwata, inda takardar nan za ta riƙa iske ka duk shekara. Kifin zai bi ka har Nobeoka.

Don haka kada ka bi ta bayansa. Kafin Juma'a ka shiga ofishinsa, ka gode masa da goyon da ya yi maka, ka faɗa masa da baki cewa ba za ka iya ba. Ka je da lissafi a hannu: nawa za a samu in an sayar wa masu abincin dabbobi yanzu, nawa za a huta biya na ɗakin sanyi, ko masana'antar tana cin riba in an ware wannan kifin. In tana ci, wannan ita ce hujjar da za ta tsare aikin matan, kuma kai kaɗai ka iya fitar da ita. Ka roƙe shi rahoton ya fita da sunansa a gaba. In ya ƙi, ka cika gurbin da kanka, ya kuma san za ka cika. Takardar komawarka gida, ka bar masa ita. In ya yage ta, ka san farashinta ke nan. Mutumin da ka siffanta min, ban cika zaton zai yage ba, amma ka shirya.

Shirin kuwa Fumie ce. Shekara takwas tana riƙe da gida, da yarinya, da mahaifiyarka, kai kana ba ta labarin dusar ƙanƙara. Ka kira ta yau ka faɗa mata duka, har da maganar Hidaka da rabin albashin. Kada ka yanke mata hukuncin abin da za ta iya ɗauka, ita ma ta iya lissafi. Zai yiwu ta ce ka daure shekara huɗu har Chiharu ta gama. Zai yiwu ta ce tun yaushe take jiran ka tambaya. Ko wanne ta faɗa, ku biyu za ku ɗauka. Kada dai ka ajiye aiki cikin fushi, ko ka gudu ka bar takardar a kan tebur. Ka gyara ta tukuna, sannan ka zaɓa.

Likita kuma a wannan makon, ba bayan rufe littafi ba. Cikin da ya taɓa fashewa ba ya jiran Afrilu.

In ka cika gurbin da abin da idonka ya gani a ɗakin sanyi, ka ɗauki hatimin mahaifinka ka buga a ƙarƙashinsa. Ba a karkace ba, ba kai a ƙasa ba. Kuma duk ranar da za ka je gida, ko da canjin aiki ko babu, ka tsaya a hanya ka sayi silifas naka, ka ajiye su a bakin ƙofa da hannunka. Kada ka jira wani ya tuna.

Ina maka fatan sauƙi, da sauka gida lafiya.

Tsuruko Inaba