Gyaɗa a Ƙofar Gidan Attajiri

Yaya Lawan,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya aiki, yaya sanyin Italiya? Mu nan Rogo lafiya lau, Inna tana gaishe ka.

Ɗanka Sani ya so ya ƙi aikin zayyanar ƙofar gidan wani attajiri a Fulatan, don mutumin ya nace sai an zana masa ganyen gyaɗa. Ya ce mini, "Baffa, ai ba a gaya wa gwani abin da zai zana." Mutane da yawa haka suke zato.

Na gaya masa manyan zane-zanen ƙasar da kake, yawanci Fafaroma da sarakuna da attajirai ne suka sa aka yi su. Su suke zaɓar labarin, har launi, wani ma a zana fuskarsa a gefe. Gwanintar tana ga yadda aka cika umarnin. Sani ya karɓi aikin. Yanzu har 'yan acaba suna tsayawa kallon gyaɗar.

Ranar hutunka ka shiga gidan tarihi, ka nemo zanen da ke da fuskar wanda ya sa aikin, ka turo wa Sani hoto. Ka sa mu a addu'a, ka gaida abokan zamanka.

Ƙaninka,
Habu